Mace-Mace a Nijeriya da Cututtukan da ke Haddasa Su: Duba Daga Kwarin Rima

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda adadin mace-mace ya riƙa hawa da sauka a Nijeriya daga wajen 1990 zuwa yau, da cututtukan da suka fi ɗaukar rayukan mutane, sa'an nan a gwada abin da alƙaluman ƙasa suka nuna da abin da ke faruwa a ƙasar Kabi, musamman garuruwan da ke bakin fadamar Gulbin Rima, irin su Ambursa da Birnin Kabi da Argungu. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a binciken ƙasa na 2018 Jihar Kabi ce ta zo kan gaba wajen mutuwar ƙananan yara, kuma ita ce kan gaba wajen zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya fahimci abin da ke kashe mutane a nan ya fahimci babban rabon matsalar ƙasa baki ɗaya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a kawar da wani ruɗani. Babu mai jayayya cewa ajali na hannun Allah. Amma Bahaushe da kansa yakan tambayi sanadin mutuwa idan ya je ta'aziyya, kuma yakan bambanta wanda tsufa ya ɗauke da wanda kwana uku na gudawa suka ɗauke. A kan sanadin za mu yi magana.

Mutuwar yara ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, har ma ta bar tabo a cikin harshe. Muna da kalmar wabi, watau macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana, muna kuma da sunayen da akan laƙaba wa ɗan wabi, kamar Ajuji da Ayashe da Barmani. Al'umma ba ta ƙirƙiro wa abu suna sai ta daɗe tana ganinsa.

2.0 Inda ake samun alƙaluman

Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai dai mutuwar da ake yi wa rajista ba ta wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Dalilin a fili yake. Galibin mutane a gida suke rasuwa, mu kuma ba mu jinkirta gawa: wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Babu likitan da ya gan shi, balle ya rubuta abin da ya kashe shi. Ba a kan nemi takardar shaidar mutuwa sai in akwai kuɗin fansho ko na banki da za a karɓa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta.

Saboda haka kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga Binciken Yawan Jama'a da Lafiyarsu, wanda aka gudanar a 1990 da 1999 da 2003 da 2008 da 2013 da 2018, sai na baya-bayan nan a 2023 zuwa 2024. Yadda ake yinsa shi ne a zaɓi gidaje daga ko'ina cikin ƙasa, a tambayi kowace mace mai shekara 15 zuwa 49 'ya'ya nawa ta haifa, yaushe ta haife su, wanne ke raye, wanda ya rasu kuma yana da wata nawa ya rasu. Don gano sanadin mutuwa, Hukumar Ƙidaya ta sake komawa gidajen da aka yi rashin yara, a 2014 da 2019, ta tambayi iyaye alamomin da suka gani, daga nan likitoci suka yi kirdadon cutar.

A nan akwai abin da mu masu nazarin al'ada za mu fi masu lissafi lura da shi. Jaririn da ya koma kafin ranar suna, sau da yawa uwa ba ta sa shi cikin lissafin 'ya'yanta, tana ɗaukarsa kamar ɓari. Ga kuma alkunya, wadda kan hana mace ambaton ɗan farinta, balle a gaban baƙon da ya zo da takarda. Idan kuwa haka ne, to, kuskuren da ke cikin alƙaluman yankinmu ya fi karkata ga ragi bisa ga ƙari.

3.0 Yadda adadin ya sauya

Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne yawan yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, daga cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai. A 1990 adadin 193 ne. A 2003 ya hau zuwa 201. Daga nan ya sauko zuwa 157 a 2008, sa'an nan 128 a 2013, ya ɗan koma 132 a 2018. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna ya sake saukowa zuwa ɗari da 'yan kai.

Shekarun 1990 zuwa 2003 ke nan ɓatattun shekaru ne. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an ba kiwon lafiya matakin farko muhimmanci, allurar rigakafi ta yaɗu ƙwarai. Bayan haka tsarin ya sukurkuce, tsadar rayuwar da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta kama talaka, ɗakunan shan magani suka zama babu magani. Saukowar da aka samu bayan 2003 ta zo daidai da rabon gidan sauro, da sababbin magungunan zazzaɓi, da gangamin rigakafin ƙyanda.

Amma idan aka ware jariran da ke mutuwa cikin kwana 28 na farko, sai a ga wani hoto dabam. A 1990 su 42 ne cikin 1,000, a 2003 su 48, a 2008 su 40, a 2013 su 37, a 2018 su 39, a binciken ƙarshe kuma 41. Watau cikin shekara talatin da wani abu adadin bai gusa ba. Duk nasarar da aka samu a kan yaran da suka wuce wata ɗaya aka same ta. A 1990 jarirai sababbin haihuwa kimanin ɗaya ne cikin biyar na yaran da ke mutuwa. Yanzu sun haura sulusi. A ganina wannan shi ne muhimmin abin da alƙaluman suka nuna, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, domin ba ya gyaruwa da gangami na mako ɗaya.

Sai maganar bambancin yankuna. A 2018 adadin Arewa maso Yamma 187 ne, na Kudu maso Yamma 62. Jihar Ogun tana da 30, Jihar Kabi tana da 252, watau yaro ɗaya cikin huɗu ba ya kai shekara biyar. Ya kamata a lura cewa alƙaluman jihohi na shekara goma ne kafin binciken, kuma gidajen da aka tambaya a kowace jiha ba su da yawa, don haka ba a riƙe 252 kamar an auna da mudu ba. Duk da haka, ko da an rage kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya saura ya kai adadin ƙasa na 2003. Mai karanta 132 ya ce Nijeriya ke nan, ya haɗa ƙasashe biyu ne ya raba biyu.

Jimillar wannan duka ita ce tsawon ran da ake sa ran jariri zai yi, wanda bai kai shekara 40 ba a 1960, yanzu kuwa yana wajen 54. Ɗalibai kan ɗauka ma'anarsa ita ce mutane na mutuwa a shekara 54. Ba haka ba ne. Matsakaici ne, kuma mutuwar yara ce ke jawo shi ƙasa.

4.0 Zazzaɓin cizon sauro da abin da ya faru a Ambursa

Tambayoyin da aka yi wa iyaye a 2014 da 2019 sun nuna cewa a tsakanin yaran da suka wuce wata ɗaya, cututtuka uku ne ke kan gaba: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin uku cikin goma na duk waɗanda zazzaɓin ke kashewa a duniya 'yan Nijeriya ne. Gwajin jinin yara ya nuna masu ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasa sun ragu daga kashi 42 bisa ɗari a 2010 zuwa 27 a 2015, da 23 a 2018, da 22 a 2021. A Kabi kuwa kashi 64 ne a 2015, da 52 a 2018, da 49 a 2021, kuma a duk shekarun uku babu jihar da ta kai ta.

Fadamar da ke ciyar da mu ita ke ciyar da sauro. Idan gulbi ya cika ya janye, yakan bar tafkuna da kududdufai marasa zurfi waɗanda rana ke dukansu, irin ruwan da sauron ya fi so ke nan. Noman shinkafa na rani, wanda ya bunƙasa a 'yan shekarun nan, ya sa akwai ruwa kwance har bayan kaka. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, sai yaro ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, ko kuma ta taɓa ƙwaƙwalwa ya kama taune-taune ya suma. A wannan mataki ne iyaye da yawa kan ce iska ce ta shafe shi, a tsaya turare da rubutu, alhali awowi ne suka rage.

Yaƙi da sauro a wannan yanki ya girmi kowa a cikinmu. A 1954 gwamnati, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara wani shirin gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kabi. Aka riƙa fesa maganin ƙwari a bangon ɗakuna, kowane yanki da irin nasa, ciki har da DDT da wani mai suna dayaldirin. Da farko sauro ya ragu ƙwarai. Amma a 1955, kafin a cika shekara biyu, sai aka tarar sauron yankin dayaldirin ya daina mutuwa. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan turjiya ga sauron da masana ke kira Anofilis gambiye, babban mai yaɗa cutar a Afirka. An kai irin sauron Landan aka yi kiwonsa, kuma da sunan Ambursa aka san shi a rubuce-rubucen masana. A 1956 George Davidson ya nuna cewa turjiyar gado ce, ƙwayar halitta guda ce ke ɗauke da ita daga uwa zuwa ɗa. Ma'anar haka ita ce maganin ba ya koya wa sauro juriya; yana kashe masu rauni ne, ya bar 'yan tsirarun masu juriya su hayayyafa su cika gari. Daga baya aka koma ga DDT, amma ba a iya yanke yaɗuwar cutar ba. Gwajin da aka yi a Garki, a tsohuwar Jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, wanda ya haɗa feshi da rabon magani, shi ma haka ya ƙare: cutar ta ragu muddin ana aikin, ta dawo da aka daina.

Abin mamaki ne a ce sunan Ambursa ya shiga littattafan ilmin ƙwari na duniya tun kafin samun 'yancin kai, amma da wuya a sami ɗalibi a yankin da ya taɓa jin labarin. Labarin kuwa bai tsufa ba, domin sauron yau ya fara jure wa maganin da ake sa wa gidan sauro, har ya sa aka koma ƙera gidajen sauro masu magani iri biyu. Ban da su, akwai maganin kariya da ake ba yara wata-wata a lokacin damina. Sa'an nan a watan Disamba na 2024 aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin, mai suna R21, a Jihohin Kabi da Bayelsa kafin kowace jiha. Sau huɗu ake yin ta: a wata 5 da 6 da 7 da 15. A nan gizo ke saƙar. A 2018 yaran da suka kammala rigakafin yau da kullum kashi 31 ne kawai a ƙasa, a maƙwabciyarmu Sakkwato kuwa kashi 5. Allurar da ke bukatar uwa ta dawo sau huɗu ba za ta fi ƙarfin ɗakin shan maganin da za ta dawo gare shi ba.

Gudawa da ciwon huhu ba sa bukatar dogon bayani. Ta farko ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ke tsayar da kisanta, na biyu kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta in an ba da shi da wuri. Abin da ke sa su kisa shi ne jikin da suka tarar. A 2018 kashi 66 na yaran Kabi sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, na ƙasa kuwa kashi 37. Jihar da ke alfahari da shinkafa da kifin Argungu ke nan. Tamowa ba ta cika fitowa a jerin masu kisa ba, amma ita ke buɗe wa sauran ƙofa, musamman ga yaron da aka yi wa kwanika aka yaye shi ba shiri.

5.0 Uwa da jariri

Abubuwan da ke kashe jariri a watan farko su ne haihuwa bakwaini, da shaƙewa a lokacin doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cutar da ke shiga ta cibiya. Masu kashe uwa kuwa su ne zubar jini, da jijjiga, da zazzaɓin bayan haihuwa, da toshewar naƙuda. Duk a ɗaki ɗaya suke aukuwa, a rana ɗaya ko mako ɗaya. Binciken 2018 ya ba da mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ba da 993, watau mata kimanin 75,000 a shekara, fiye da rubu'in na duniya. Bambancin ya zo ne daga hanyar lissafi: na farko ya dogara da tambayar mata labarin 'yan uwansu mata da suka rasu, na biyu ya yi gyara don cike waɗanda aka manta. Ko wanne aka ɗauka, adadin na cikin mafi muni a duniya.

A 2018 kashi 39 na haihuwa a ƙasa a asibiti aka yi, a Kabi kashi 7. Ungozoma tana da amfaninta, amma ba ta da jinin da za ta ƙara wa mace, ba ta kuma yin tiyata. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya, ya tarar cewa mafi yawan matan da suka mutu ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne bayan abu ya ɓaci. Ya kammala da cewa maganin da ya fi kowane shi ne ilmin boko ga kowa. A 1979 John Caldwell, da alƙaluman Nijeriya, ya nuna cewa karatun uwa yana rage mutuwar 'ya'yanta ko da ba a sauya arzikin gidan ba. Binciken 2018 ya sake gaskata su: 170 cikin 1,000 ga 'ya'yan matan da ba su yi makaranta ba, 56 ga 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare. Mu da ke horar da malaman firamare, wannan magana da mu take. Macen da ta yi karatu ta fi saurin gane alamar haɗari, ta fi ƙarfin halin cewa a kai ta asibiti ko mai gida ba ya nan, ta kuma fi iya tsayawa gaban ma'aikacin lafiya ta yi tambaya.

6.0 Annoba da mutuwar manya

Annoba ita ce aka fi tsoro, ko da yake a jimilla ba ta kai masu kisan kullum ba. Agana ta ɓace daga Nijeriya a 1970. An ayyana kawar da kurkunu a 2013, da shan-inna ta asali a 2020. Sanƙarau kuwa yana nan. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Allurar da aka fara a 2011 ta kusa shafe nau'in A, sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014, ya kashe fiye da mutum 1,100 a annobar 2016 zuwa 2017. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ke kare nau'i biyar, amma duk da haka a watan Maris na 2025 cutar ta yi kisa a Gwandu da Jega da Aliero. Kwalara ta kashe fiye da 7,600 a 1991, da kimanin 3,600 a 2021.

Game da manya, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ɗora kashi 63 na mace-macen ƙasa a kan cututtuka masu yaɗuwa da matsalolin haihuwa da yunwa, kashi 29 a kan marasa yaɗuwa irin su hawan jini da ciwon suga da sankara, kashi 8 a kan haɗurra da rauni. Ƙanjamau ya ja baya, daga kashi 5.8 a tsakanin mata masu zuwa awo a 2001 zuwa kashi 1.4 na manya a binciken 2018. Tarin fuka bai ja baya haka ba. Hawan jini kuwa yana ƙaruwa a ɓoye, kuma sau nawa muka ji an ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, aka ce jifa ce? A yankinmu akwai ƙarin kifewar jiragen ruwa, kamar na Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021, inda fiye da mutum ɗari suka halaka ko suka ɓace, da kuma kisan 'yan bindiga.

Ya kamata masu sauraro su lura cewa waɗannan kashe-kashen na manya ƙiyasi ne da aka gina daga bayanan asibitoci da kwatance da wasu ƙasashe, domin binciken gidaje bai bi sanadin mutuwar manya yadda ya bi na yara ba. Alhali kuwa babu mutuwar da ke aukuwa a Ambursa ko wani gari irinta ba tare da mai unguwa ya sani ba, kuma babu gawar da ake binnewa ba tare da liman ya sallace ta ba. Da kowane limami da mai unguwa suna da littafi guda da za a rubuta sunan mamaci, da shekarunsa, da rana, da kwana nawa ya yi yana jinya, da alamar da aka gani, ko da ajami ne, ma'aikacin lafiya na gunduma ya riƙa kwafa duk ƙarshen wata, da cikin shekara biyu Masarautun Gwandu da Argungu sun san watan da ya fi cin yaransu, da ƙauyen da mata suka fi mutuwa wajen haihuwa.